Ficewar King Gizzard daga Spotify: wane ne mai cin gashin kansa?

Nasiru: Assalamu alaikum. Na lura cewa a wannan zaure namu, idan aka kawo labarin sabuwar motar wani mawaƙi kowa sai ya tofa albarkacin bakinsa, amma da na kawo labarin King Gizzard & the Lizard Wizard babu wanda ya tanka, saboda haka zan sake kawo shi ko da za a ce na cika naci. Ƙungiyar makaɗa ce daga birnin Melbourne na Ostireliya, wadda ta fara a 2010 da kiɗan rok na gareji, kuma yanzu mutum shida ne a cikinta. A ƙarshen watan Yulin 2025 suka sanar da janye waƙoƙinsu daga Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, domin shugaban kamfanin na wancan lokaci, Daniel Ek, ta hannun kamfaninsa na zuba jari mai suna Prima Materia, ya jagoranci zuba Yuro miliyan 600 a Helsing, wani kamfanin Jamus da ke ƙera jirage marasa matuƙa da manhajojin yaƙi masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. Bayan 'yan makonni kuma suka buɗe kundayen waƙoƙinsu a Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu, kowa ya biya abin da ya ga dama, wanda ba shi da ko sisi ma ya ɗauka. Abin da nake cewa shi ne, duk mawaƙin da ya san inda ribar waƙarsa take zuwa kuma ya yi shiru yana da kaso a cikin alhakin, kuma waɗannan bayin Allah su ne kaɗai masu cin gashin kansu na gaskiya da suka rage a duniyar kiɗa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru ƙanena, na karanta bayaninka har ƙarshe, kuma ban tsaya a ko'ina ba sai a kan "masu cin gashin kansu". Wanda yake cin gashin kansa shi ne wanda ba ya jingina da kowa. Su kuwa waɗannan mutane, tun a 2014 kamfanin Castle Face ne ya fitar musu da kundi a Amurka, Heavenly ya fitar a Ingila, sannan daga 2015 ATO Records ya riƙa fitar da nasu a Arewacin Amurka na tsawon shekaru. Ban ce laifi ba ne, kasuwanci ne, amma ka nemo musu wani suna.

Nasiru: Malam, da girmanka, ai duk kamfanonin da ka lissafa ƙanana ne, babu Universal ko Sony ko Warner a cikinsu. A harkar kiɗa, idan an ce ƙungiya tana cin gashin kanta, ana nufin ba ta ƙarƙashin waɗannan manyan guda uku. Ban da haka, a gida Ostireliya da kamfanin Flightless suka fara, wanda ɗaya daga cikin makaɗan gangarsu, Eric Moore, ya kafa, kuma a 2024 suka buɗe nasu mai suna p(doom) Records.

Malam Habu: To ashe ma'anar da Turawan kasuwar faifai suka ba kalmar kake nufi, ba ma'anarta ta Hausa ba. Da ka faɗa mana haka tun farko. Kuma tunda ka ambaci Eric Moore, ka manta ka gaya wa jama'a cewa ya bar ƙungiyar a 2020 domin ya mayar da hankali kan Flightless ɗin, wato kamfanin nasa ne, ba na ƙungiyar ba.

Zainab: Ni ina ganin Malam Habu yana da gaskiya, amma ba ta fuskar da ya bi ba. Maganar kamfanonin faifai tsohon zance ne, domin a yau mai riƙe da wuyan mawaƙi shi ne wanda ya mallaki manhajar da ake sauraro a kanta. Sun bar Spotify, na yarda, amma waƙoƙinsu suna nan a Apple Music, suna nan a YouTube, inda ma suka riƙa watsa wasanninsu kai tsaye kyauta a rangadinsu na Amurka a 2024. YouTube mallakar Google ce, kuma Google da Amazon su ne suka karɓi kwangilar Project Nimbus ta ayyukan adana bayanai da sarrafa su ta intanet, ta dala biliyan 1.2, daga gwamnatin Isra'ila a 2021. Bandcamp ɗin da Nasiru yake yabo shi ma ba na mawaƙa ba ne: Epic Games ya saye shi a 2022, ya sayar wa Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikatansa. Ɗan hayan da ya tashi daga gidan wani attajiri ya tare a gidan wani attajirin bai zama mai gida ba, Yaya Nasiru, ya dai sauya wanda yake karɓar kuɗin haya ne.

Nasiru: Zainab, idan aka bi ma'auninki, to babu mai cin gashin kansa a doron ƙasa, domin ke ma wayar da kike rubutu da ita wani kamfani ne ya ƙera ta. Ki duba abin da suka yi a Nuwamban 2017. A waccan shekarar kundi biyar suka fitar, kuma ɗaya daga ciki, Polygondwanaland, sun sake shi kyauta tare da ainihin fayilolin da ake buga faifai da su, suka ce duk wanda ya so ya buga ya sayar. Ƙananan kamfanoni da magoya baya a ƙasashe da dama suka buga nasu. A 2020 kuma suka faɗaɗa abin ga rikodin wasanninsu, sharaɗin kawai shi ne wanda ya buga ya aika musu da wasu kwafi. Wane kamfani ne zai bar mawaƙin da ke hannunsa ya yi haka? Mutum ba ya kyautar da abin da ba nasa ba.

Zainab: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Sai dai tana nuna sun mallaki waƙoƙinsu ne, ba ta nuna sun mallaki hanyar da waƙoƙin suke bi su isa kunnen jama'a ba, kuma a kan hanyar ake rigima.

Isufu Damagaram: Jama'a, ku gafarce ni, amma abin yana ba ni mamaki yadda muka tsallake teku muna neman masu cin gashin kansu a Ostireliya alhali ga su nan a Agadas. Etran de L'Aïr 'yan gida ɗaya ne, tun tsakiyar shekarun 1990 suke kiɗan biki, da kayan kiɗan da ba su taka kara sun karya ba, kuma sun shafe shekaru masu yawa babu kamfani, babu manaja, sai abin da aka ba su a wurin biki. Mdou Moctar kuwa da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, kuma waƙoƙinsa ta katin waya da Bluetooth suka zagaye Sahara kafin wani Bature ya san da shi. Idan ana maganar cin gashin kai, waɗannan su ne malamai, sauran duk almajirai ne.

Malam Habu: Madalla da kai, Isufu. Ka faɗi abin da ya kamata a fara da shi.

Nasiru: Malam, yanzu kuma ma'aunin ya sauya ke nan? Etran de L'Aïr ai kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley da ke Portland a Amurka ne yake fitar musu da kundi, Mdou Moctar ma ta nan ya bi, sannan ya koma Matador Records, wanda ya fitar masa da kundi a 2021. Idan ATO ya hana King Gizzard zama masu cin gashin kansu, me ya sa Matador bai hana Mdou Moctar ba? Ina girmama su matuƙa, amma a yi adalci.

Isufu Damagaram: Bambancin a bayyane yake, ɗan'uwa. Makaɗan Agadas sun ci gashin kansu ne domin babu wanda zai gasa musu, King Gizzard kuwa sun zaɓa ne bayan sun ƙoshi. Wanda yake cika filin Red Rocks a Colorado dare bayan dare yana kiɗan awa uku, kamar yadda suka yi a 2022, ba ya jin zafin rasa kuɗin Spotify. Lokacin da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, Mdou Moctar da abokansa suna rangadi a Amurka, suka maƙale a can, sai da aka yi musu karo-karo a intanet. Ka ga inda ake gane wanda ba shi da kowa sai Allah.

Nasiru: To talauci ne sharaɗin cin gashin kai ke nan? Idan haka ne, duk wanda ya yi nasara ya fita daga sahu.

Isufu Damagaram: Ban ce talauci ba, kada ka sa mini magana a baki. Kuma ban ji daɗin yadda ka kira mutanen Agadas da talauci ba.

Nasiru: Ban kira kowa da komai ba, tambaya na yi a kan maganarka.

Garba Injiniya: Ni tun ɗazu ina jira wani ya kawo lissafi, amma shiru. Nasiru ya ce jarumta ce, Isufu ya ce ba su ji zafi ba, to nawa suke samu daga Spotify a shekara kafin su fita, kuma nawa suka samu a Bandcamp bayan nan? Abin da na sani shi ne Spotify ba ya biyan tsayayyen farashi a kan kowane sauraro, yana tara kuɗin ne ya raba gwargwadon kason kowa, kuma daga 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba a biyan ta komai. Bandcamp kuwa yana cire kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙa ya bar wa mai ita sauran. Ga ƙungiyar da magoya bayanta suke sayen faifai da riguna da tikiti kamar wannan, mai yiwuwa ficewar ma riba ce. Kafin a kira abu sadaukarwa sai an san abin da aka rasa.

Nasiru: Babu wanda yake da littafin ajiyar kuɗinsu a cikinmu, Injiniya, amma hankali ma ya isa ya gaya maka cewa barin manhajar da ta fi kowace yawan masu biyan kuɗin sauraro a duniya ba ƙaramin abu ba ne.

Garba Injiniya: Hankali ya gaya wa mutane haka a 2022 lokacin da mawaƙi Neil Young ya janye nasa waƙoƙin daga Spotify saboda shirin hirar Joe Rogan da ake sakawa a manhajar, kuma a 2024 ya dawo. Mu jira mu gani.

Malam Habu: Akwai ma wani abu da na bari ya wuce ɗazu saboda kada a ce na matsa wa yaro. Nasiru ya kira su makaɗan gareji. Kiɗan gareji na asali shi ne na samarin Amurka na shekarun 1960, irin su The Sonics na garin Tacoma: jita mai ƙara, ganga, murya a buɗe, waƙa ta minti biyu ko uku, an gama. Kundin King Gizzard na farko a 2012 ya yi kama da haka, ban ƙi ba. Amma mutanen da suka sa aka ƙera musu jita mai ƙarin matakai domin su kwaikwayi sautin Turkiyya, suka yi kiɗan metal, suka yi na kwamfuta, sannan a 2025 suka fitar da kundi na 27 tare da cikakkiyar tawagar masu goge da busa, har suka yi rangadi da irin wannan tawaga, wane gareji ne zai ɗauke su?

Nasiru: Cewa na yi da shi suka fara, Malam, rubutun yana nan a sama. Kuma ni ba yaro ba ne, na girmi shekarun da kake zato.

Zainab: A nan kam Yaya Nasiru ya yi daidai, "ta fara" ya rubuta. Sai dai ina so in tuna wa kowa cewa ba su kaɗai suka fita ba. Ƙungiyoyin makaɗa na Deerhoof da Xiu Xiu sun riga su sanarwa, Massive Attack kuma suka biyo baya a watan Satumba. Saboda haka ko da an bar masa "cin gashin kai", kalmar "kaɗai" ba ta da wurin zama.

Isufu Damagaram: Har yanzu ina jiran a janye maganar talauci.

Malam Habu: Tunda ni aka ɗora wa kula da wannan zaure, kuma dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cim ma domin waɗanda za su karanta da safe. An tabbatar da cewa ƙungiyar ta yi aiki da kamfanonin faifai a Amurka da Ingila na tsawon shekaru, don haka kiran ta mai cin gashin kanta bai inganta ba a Hausa, kuma shi kansa Nasiru ya amsa cewa ma'anar 'yan kasuwa yake nufi. Malama Zainab ta nuna cewa sauya mai gida kawai aka yi, Injiniya ya nuna babu hujjar an yi asarar ko kwabo, Isufu kuma ya tuna mana da makaɗan Agadas, waɗanda a ganina babu wanda ya kawo abin da ya rushe fifikonsu. An kuma fahimci cewa sunan gareji ya daɗe da daina dacewa da su. Nasiru ya ambaci wani kundi da aka raba kyauta a 2017, abin a yaba ne, amma bai shafi batun ba. Maganar kamfanin makamai da alhakin mawaƙa kuwa, wanda yake so ya buɗe mata zance na daban a wani lokaci. Nasiru, ka ba Isufu haƙuri kafin ka kwanta. Na rufe wannan muhawara.