PeerTube ɗina ya cika faifai, ga azumi ya ƙarato

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Shekara huɗu ina ɗaukar karatun malaminmu, tun da wayar ƙanena, kafin 'yan majalisi su yi karo-karo mu sayi kyamara. Bara wani babban dandali ya rufe mana shafi ba ko sallama. Na rantse ba zan ƙara ajiya a ɗakin wani ba, na kama hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, na ɗora PeerTube, manhajar da mutum ke buɗe dandalin bidiyo nasa na kansa da ita. Yanzu faifan ya cika, karatun awa biyu kuma in na loda sai ya kwana bai fito ba. Hayar da dala ake biya. Ya zan yi?

Injiniya: Kai ka ja wa kanka. Duk abin da ka loda, ffmpeg, mai sarrafa bidiyon a cikin PeerTube, sai ya sake fitar da shi a girman hoto daban-daban, 1080p, 720p, 480p, 360p, kowanne da mazauninsa a faifai. Kashe su, ka bar 360p da murya zalla. Malam na zaune yana magana, wa ke neman ƙirga zaren rawaninsa?

Maman Ilham: Wai da gaske ne mai kallo ma yana tura wa wasu bidiyon? Ni kam a bar ni. Datar wata nake saye, yaran nan su cinye ta a mako, babansu ko a jikinsa.

Injiniya: Ana iya kashewa, Hajiya. Kuma ba ya rage wa saba nauyi sai mutane na kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya. Framasoft, ƙungiyar Faransa da ta fitar da PeerTube a 2018, manhaja ta ba ku kyauta, ba faifai ba.

Na Zariya: Ka dawo da shi gida mana. Tsohuwar kwamfuta da sola, ka huta da dala.

Injiniya: Da wane intanet ɗin? Mutum ashirin su shigo tare ka ga ikon Allah. Tsofaffin bidiyon ya kamata ya kwashe zuwa ma'ajiyar S3, wato wurin ajiyar fayil na haya a intanet, ta fi araha.

Baba Tsoho: Yaro, mutum nawa ma ke kallo? Kuma kana da kwafi a wani wuri?

Ɗan Fagge: Baba, ba yawan jama'a muke nema ba. Injiniya, 1080p ba za ta kasu ba, malam na ɗaga littafi, a 360p ko wasali ba a gani. Wanda ya san saba mai karɓar naira ya taimaka.

Na Zariya: Ni dai na ce sola.