Dokar hana XL Bully a Ingila: laifin kare ne ko na mai kare?

Maman Ilham, Birmingham: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa yau raina a ɓace yake, na ɗauko yara daga makaranta sai muka yi kiciɓis da maƙwabcinmu da ƙaton karen nan nasa XL Bully, ya sa masa takunkumi yana riƙe da igiya kamar yadda doka ta ce amma duk da haka sai da Ilham ta ƙanƙame ni jikinta na rawa. Kuma jiya-jiyan nan wata Baturiya a wajen aiki take ce min wai dokar zalunci ce, wai babu mugun kare sai mugun mai kare. Ni kam ban yarda ba. Akwai karen da abin a jininsa yake, gwamnati ta yi daidai da ta hana.

Dakta Sani, Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare mana zuri'a. Tsoron yarinya ba abin rainawa ba ne. Amma ni da nake duba dabbobi kullum, abin da ke damuna da dokar shi ne ba hali take dubawa ba, siffa take dubawa. Tun 1991 Birtaniya ta hana iri huɗu, pitbull da Tosa na Japan da Dogo Argentino da Fila na Brazil, shekara sama da 30 ke nan, cizon kare bai ƙare ba, sai ma masu son karen tsoratarwa suka koma wani irin da sunansa ba ya cikin takarda, a haka XL Bully ɗin ya samu kasuwa. Gobe ma wani za su nemo.

Maman Ilham: Dakta kai ba ka nan lokacin da abin ya faru ne. Watan Satumba 2023 a nan Bordesley Green, unguwar da muke zuwa cefane, kare ya far wa yarinya 'yar shekara 11 a kan titi da rana tsaka, maza biyu da suka zo ceto su ma ya ji musu ciwo, kowa ya ga bidiyon. Bayan kwanaki kaɗan wasu karnuka biyu suka kashe wani magidanci a Staffordshire, shi ne firaministan lokacin Rishi Sunak ya fito ya ce za a hana. To a zauna jiran me?

Usman, Manchester: Anti ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ni aikin kai kaya gida-gida nake yi, ba karen da ban gani ba. Bara wani ɗan ƙarami ya cafke min ƙafa ta ƙofar lambu, aka wanke aka min allura washegari na koma aiki. Yanzu ku ɗauka mai kilo 50 ne, wanda in ya kama ba ya saki ko ana dukansa. Ni ban ce duk mugaye ba ne, cewa na yi ranar da na kirkin ma ya ɓata rai ba mai iya riƙe shi, har mai shi. Kuma kullum maganar ɗaya ce, wai bai taɓa yi ba.

Zainab, Leeds: Yaya Usman maganar girma gaskiya ce, amma bari in faɗa muku yadda ake gane karen tunda ɓangaren shari'a nake karanta. Ba gwajin jini ake yi ba fa. Ɗan sanda ne zai zo da tef ɗin awo, in namiji ya kai santimita 51 a kafaɗa, mace 48, sai a duba faɗin kai da ƙirji da sauran siffa, in ya yi kama da abin da ke rubuce shi ke nan ya shiga. 'Yan uwa biyu ciki ɗaya ana iya kama ɗaya a bar ɗaya. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, in an je kotu mai karen ne zai kawo hujjar cewa nasa ba irin ba ne, alhali a sauran shari'u mai ƙara ke kawo hujja, shi kuwa karen yana kulle wata da watanni. Wannan ai kuɗin goro ne.

Maman Ilham: Ƙanwata kuɗin goro a kan kare ya fi jana'izar yaro. Kuma ai ba kashe su aka ce a yi duka ba, an ba su dama, ka biya fam 92.40 ka karɓi takardar izini kafin 1 ga Fabrairu 2024, ka yi inshora, a fiɗiye shi kada ya haihu, takunkumi da igiya in za a fita. Wanda ba zai iya wannan ba dama bai cancanci riƙe dabba irin wannan ba.

Zainab: Haka ne Anti, sai dai wa ya je ya yi rajistar? Masu bin doka. Gwamnati ta yi hasashen kamar 10,000 ne a ƙasar, aka wayi gari sama da 50,000 aka yi wa rajista, wato ba ta ma san yawansu ba balle waɗanda aka ɓoye. Kuma takunkumin a waje ne kawai, cikin gida ba dole, alhali da yawa daga cikin mutuwar a cikin gida ake yi.

Alhaji Bala, Kano: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Dakta ka yi haƙuri, amma cewa jini ba ya aiki ba zai shiga kunnen wanda ya tashi cikin mafarauta ba. Kawuna mafarauci ne, in zai ɗauki kwikwiyo sai ya tambayi uwar, ya ga yadda take bin sawu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karen da kakanninsa aka haɗa don faɗa ba zai zama ɗaya da na kiwo ba.

Dakta Sani: Ranka ya daɗe ban ce jini ba ya aiki ba, yana yi sosai, shi ya sa rabin maganar Baturiyar kawai na ɗauka. Amma kawun naka bayan ya zaɓa ai ba sakin sa yake ba, horar da shi yake, ko a Suratul Ma'ida aya ta 4 da aka halatta abin da dabbar farauta ta kamo, da koyarwa aka haɗa shi. Ni abin da nake gani a nan ya ishe ni hujja, mutum zai sayi Boerboel ko Rottweiler da kuɗi masu yawa don gadi, ya kulle shi a keji yini guda cikin zafi, bai san kowa a gidan ba sai maigadi, abinci yau akwai gobe babu, da dare a sake shi, ranar da aka manta ƙofa a buɗe almajiri ya shigo sai a ce karen mugu ne. Wallahi ko karen unguwa ka yi wa haka sai ya lalace. Kuma mu a nan abin da ke kashe mana yara ma ciwon haukar kare ne, wanda allurar rigakafi ke tarewa, ba ruwansa da iri.

Alhaji Bala: Wannan kam na gani da idona a layinmu. Allah ya kyauta.

Usman: To Dakta ka kawo mana wata hanyar mana, don ni gobe da safe zan buga ƙofar mutane.

Dakta Sani: Wasu sun gwada sun janye. Holan ta hana pitbull a 1993 ta soke a 2008 don ba ta ga cizon ya ragu ba, Italiya ta soke jerin nata na karnuka masu haɗari a 2009 ta ɗora nauyin kan mai kare, birnin Denver a Amurka ma mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a a 2020 aka maye hanin da lasisi. Ni da za a ji tawa, duk karen da ya kai wani nauyi, ko wane iri ne, sai da lasisi da horo, kuma a matsa wa masu haɗa su suna sayarwa a intanet, don su ne ke zaɓen mafi zafin rai su ƙara haɗawa.

Zainab: Kuma dokar hukunta mai kare tana nan tun 2014, in karenka ya kashe mutum ko a cikin gidanka ne ɗaurin zai iya kai shekara 14.

Maman Ilham: Shekara 14 bayan an binne wa? Ni lasisin Dakta ban ƙi shi ba, a yi shi, amma a bar hanin a wurinsa har sai an ga lasisin yana aiki. Zainab don Allah ki duba min, katangar da ke tsakaninmu da maƙwabcin nan katako ce kuma ta fara ruɓewa ta ƙasa, sharaɗin takardarsa bai ce dole ya tsare wajen da karen yake ba?

Zainab: Ya ce Anti, dole ya ajiye shi inda ba zai iya kuɓucewa ba. Ki fara yi masa magana da Baban Ilham a kusa, ki ɗauki hoton wajen da kwanan wata, in bai gyara ba ki kira 'yan sanda a 101 ki sanar.