Gwaji ɗaya ya maƙale, ginin manhajarmu ya ƙi wucewa

sabon_hannu: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Tun ranar Litinin babban reshen manhajar da muke haɗa hannu a kai ja yake nunawa, gwaji guda ɗaya ne ke maƙalewa, bai faɗi ba bai wuce ba, haka zai yi shiru har sai an yanke shi bayan awa 6. A kwamfutata kuma cikin daƙiƙa kaɗan yake gamawa. Mutum uku sun turo faci, wato gyaran da suke so a haɗa cikin manhajar, duk suna jira. Wani ya ce mu kashe gwajin kawai mu huta, ni dai hankalina bai kwanta ba.

tsohon_direba: Wa alaikumus salam. Kar ku kashe shi malam, gwajin gaskiya yake gaya muku. Awa 6 ɗin nan ita ce wa'adin da GitHub Actions, mai gudanar da gwaje-gwajen kai tsaye, ke ba kowane aiki in ba ka saka naka ba, minti 360. Ka sa timeout-minutes ya zama 15 ko 20, aƙalla in ya maƙale za ku sani da wuri ba sai gari ya waye ba.

mai_gyara: Ni abin da ya fi damuna mutum ukun nan da ke jira. Ka buɗe rahoto ɗaya kan matsalar ka rubuta cewa kai ke kanta, don kar kowa ya shiga gyara nasa daban ku yi ta karo da juna, na taɓa ganin mutum biyu sun kwana kan abu ɗaya ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Sannan ka yi git bisect, umarnin da ke nemo kwamit (sauyin da aka adana) da ya kawo matsalar, ko kwamit 100 ne tsakani zagaye 7 ya isa ka kama mai laifin, tunda rabi-rabi yake yankawa. Amma a inda yake maƙalewa za ka gwada fa, ba a injinka ba. In ka gano shi ka yi git revert, wato ka soke sauyin, reshe ya koma kore tukun, gyara ya biyo baya.

tsohon_direba: Af, Python kuke yi? Duba ko gwajin na kiran wata saba (kwamfutar da ke amsa buƙatu ta intanet) ta waje. Laburaren requests, wanda ake kiran saba da shi a Python, ba shi da wa'adin jira sai ka ba shi da hannunka, in sabar ta yi gum zai jira har abada.

sabon_hannu: Wallahi shi ne! Kwamit ɗin ranar Lahadi ya ƙara kira ba timeout a ciki. Na mayar da shi, na sanar da wanda ya rubuta, ya ce zai sake turowa da daƙiƙa 10 da saba ta bogi don gwaji. Allah ya saka da alheri.