Hamada na ci, ko itatuwa na ƙaruwa a Maraɗi da Damagaram?

Manomi_Tasawa: Jama'a, a warware mini. Kullum ana cewa hamada na cinye Nijar, wasu kuma na cewa itatuwa sun fi na shekaru arba'in baya yawa. Wanne ne gaskiya?

Malam_Gawo: Duka biyun. Daji ne ke raguwa, itatuwan cikin gona kuma na ƙaruwa. Dubi dajin Baban Rafi kudu da Maraɗi: faɗaɗa gonaki da saran itacen girki don birni sun rage shi ƙwarai. Amma a Magarya, Matamai da Mirriya gawo ya cika gonaki. An kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, aka ƙiyasta a faɗin kudancin Nijar kadada kusan miliyan 5 sun farfaɗo, itatuwa wajen miliyan 200. Akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Kututture ne da saiwa da ke ƙarƙashin ƙasa aka bari suka toho.

Hajiya_Agiye: Malam, kada a manta da doka. Da can itace na gwamnati ne, ko a gonarka ka sare reshe sai ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai raini abin da ba nasa ba? Bayan farin 1984 hannun hukuma ya yi sauƙi, manomi ya ga itacen zai amfane shi, sannan sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona ana rainonsa, ya yaɗu. Ruwan sama ya ɗan gyaru, amma shi kaɗai bai isa ba.

Injiniya_Sabara: Ga yadda ake yi. Lokacin sassabe, kada ka ƙone komai. Zaɓi kututture kamar 40 a kadada: kalgo, sabara, gawo, magarya, aduwa. A kowane bar tsiro 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi, sare sauran. Aske rassan ƙasa zuwa rabin tsayi kawai, da gatari mai kaifi, saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage ruɓa ta shiga. Masu barin tsiro ɗaya tal su aske shi sumul, iska ce ke karya musu shi. Sauran matsala awaki ne da rani da masu satar itace da dare, shi ya sa ƙauyuka irin Ɗan Saga da ke yankin Agiye suka kafa kwamitin tsaro har da makiyaya a ciki. Gawo shi ne zinariya: yana zubar da ganye da damina, ba ya inuwa ga gero, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.