Salak ɗin kaza da 'ya'yan itatuwa don abincin rana: yaya naku yake kaiwa azahar bai tsinke ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan wata biyu ke nan da na fara haɗa salak ɗin kaza da 'ya'yan itatuwa ina tafiya da shi wurin aiki, saboda hutun da ake ba mu da rana bai wuce minti talatin ba, kuma abinci mai nauyi yana sa ni gyangyaɗi har zuwa la'asar. Da daddare nakan dafa tsokar ƙirjin kaza guda biyu, in yayyanka, in zuba tuffa ɗaya da inabi da abarba, in sa mayonis da gishiri in juya, sannan in rufe in ajiye a firji. A lokacin da na gama haɗawa babu abin da ya kai shi daɗi. Amma idan na buɗe mazubin washegari da ƙarfe ɗaya, sai in tarar ruwa ya kwanta a ƙasa fari-fari kamar an tsinka madara, tuffar ta yi ja, naman kuma ya yi wani irin laushi mai gari-gari wanda ba ya tauno. Ranar Talatar da ta wuce sai da na karkata mazubin na tsiyaye ruwan kafin in iya ci, abokiyar aikina tana kallona tana dariya. Ina roƙon duk wanda ya saba yin wannan haɗin ya gaya mana yadda yake yi, da kuma abin da ya taɓa lalace masa a ciki.

Hajiya Bilki:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ban ma gama karanta bayaninki ba na gane mai laifin, domin abin da ya same ki ya same ni a ranar da na fi bukatar fita kunya. Na yi baƙi, sai na ce bari in rage wa kaina aikin safe, na haɗa komai tun dare har da ɗanyar abarba da na fere da hannuna. Da gari ya waye na ɗanɗana, naman yana narkewa a kan harshe kamar dafaffen dankalin da ya zarce, dole na ajiye shi gefe na sake sabon girki. Daga baya na fahimci cewa ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira bromelin, wanda aikinsa shi ne warware furotin, shi ya sa ma ake jiƙa nama mai tauri a ruwanta don ya yi laushi, kuma shi ne yake sa harshe ya riƙa zafi idan mutum ya sha abarba da yawa. To idan naman ya riga ya dahu, kuma ya kwana a cikinta, abin da zai rage shi ne wannan gari-garin da kike faɗa. Gwanda da kiwi ma suna da makamancin wannan sinadarin, don haka su ma ba a kwana da su a jikin kaza. Zafin wuta yana kashe ƙarfin sinadarin, saboda haka abarbar gwangwani ba ta yin wannan ɓarnar, tun da an dafa ta kafin a rufe. Ni yanzu idan ɗanya ce da ni, ko dai in ɗan gasa ta a kasko har ta yi ja a gefe-gefe in bari ta huce, ko kuma in ajiye ta daban sai an zauna ci in zuba.

Maman Ilham:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ɗanya nake sawa, kuma har ruwan da ya taru a kan katakon yanka nakan kwashe in zuba, wai don ya ƙara ɗanɗano. Ashe da hannuna nake ɓata abin.

Malam Nuhu:
Ni tawa matsalar a farko ta saɓa da taki, domin naman nawa bushewa yake yi har sai na kora da ruwa. Dalili kuwa shi ne ina jefa tsokar a ruwan da yake tafasa in bar ta tana ɓararraka har minti arba'in, saboda tsoron kada cikinta ya zauna ɗanye. Tsokar ƙirji ba ta da kitse, don haka ba ta jure irin wannan wuta. Abin da nake yi yanzu shi ne in sa ta a tukunya da ruwan sanyi wanda ya ɗan sha kanta, da gishiri da rabin albasa da ƙwayar masoro kaɗan, in ɗora a matsakaiciyar wuta, da zarar ruwan ya fara motsi sai in rage wutar sosai in rufe, in ba ta kamar minti goma sha biyar gwargwadon kaurinta. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafin nama, kuma ban taɓa sayen abin kicin da ya cire mini fargaba kamarsa ba, domin idan na soka shi a wurin da ya fi kauri ya nuna digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, na san kazar ta dahu, ba sai na ƙara mata ko minti ɗaya ba. Bayan na tsame nakan bar ta ta huce kafin in yanka, domin idan aka yanka da zafinta ruwan jikinta yana zubewa a kan katako, idan kuma aka sa mata mayonis tana da ɗumi sai ya tsinke ya koma mai. Romon da ya rage ba na zubarwa, ina ajiye shi don wani girkin. Wanda ba ya son duk wannan lissafin ya yi da cinya, ita tana haƙuri da wuta, sai dai idan ta yi sanyi tana da ɗan maiƙo a baki wanda ni bai dame ni ba.

Ummi:
Yaya Maman Ilham, ban da abarbar akwai gishirin. Duk ɗan itacen da aka yanka aka sa masa gishiri ko sukari, ruwan cikinsa fitowa yake yi a hankali, kuma tsawon dare ya ishe shi ya zubar da abin da kika gani a ƙasan mazubinki. Na gwada wannan da gangan wata rana, na raba haɗin gida biyu, ɗaya na cakuɗa komai, ɗayan kuma na juya kazar kaɗai da mayonis da gishirinta, na ajiye 'ya'yan itatuwan a wani ɗan mazubi daban. Washegari na farkon ya yi ruwa, na biyun kuwa da na haɗa shi a kan tebur kamar yanzu aka yi shi. Tun daga nan da mazubi biyu nake tafiya, kuma haɗawar ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Game da tuffa, jan da take yi ba lalacewa ba ce, iska ce take taɓa inda wuƙa ta yanka. Ina gama yankawa nakan matsa mata rabin lemun tsami in juya da hannu har ko'ina ya samu, kuma hakan yana riƙe ta fara har azahar. Tuffa mai tsami-tsami kuma mai ƙarfi ta fi dacewa, kuma ba na fere ɓawon. Inabi kuwa idan aka wanke shi sai an shanya shi a kan tsumma mai tsabta ya bushe sarai, domin ruwan wankin da yake maƙalewa a jikinsa ma yana cikin abin da yake tsinka haɗin. Kankana da ayaba na gwada su sau ɗaya, ban sake ba.

Anti Hauwa:
Duk kuna maganar ɗanɗano, bari ni in kawo wadda ta kwantar da ni kwana biyu. Na haɗa salak ɗina da sassafe, na sa a jaka, na ajiye a mota na shiga wani taro da na zaci awa ɗaya ne, sai ya kai mu har bayan azahar. Da na fito na buɗe, babu wani wari, babu canjin launi, sai dai ya yi ɗumi, yunwa kuma ta ci ni, na cinye. Cikin dare amai da gudawa suka tashe ni. Kowa ya ce mayonis ne, ni ma na yarda, sai likitar da ta duba ni ta ce mayonis na kwalba yana da tsami kuma da ƙwan da aka riga aka kashe ƙwayoyin cutarsa ake yin sa, don haka ba kasafai yake zama tushen matsalar ba, dafaffiyar kazar da ta zauna a zafi ita ce abin zargi. Ƙa'idar da nake bi tun daga lokacin ita ce, irin wannan abincin ba ya wuce awa biyu a wajen firji, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32 to awa ɗaya ce kawai. A firjin da sanyinsa bai haura digiri 4 ba yana kaiwa kwana uku zuwa huɗu, kuma daga ranar da aka dafa kazar ake fara ƙirgawa, ba daga ranar da aka haɗa ba. Idan babu firji a wurin aiki, ni dai nakan daskarar da robar ruwa in jingina ta da mazubin a cikin jakar abinci, zuwa rana ta narke in sha. Wani abin kuma da mutane suke sakaci da shi shi ne katakon yanka. 'Ya'yan itatuwan nan ba za su ga wuta ba, saboda haka wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza ba za su taɓa tuffa ba sai an wanke su da sabulu da ruwan zafi. Mai haɗa mayonis ɗinta a gida da ɗanyen ƙwai kuwa, hukuncinta daban ne, kada ta ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro.

Sadiya:
Allah ya ƙara lafiya, Anti. Ni na rage mayonis ne saboda kitsensa, domin babban cokali ɗaya yana kusan kalori ɗari, kuma hannuna ba ya tsayawa a cokali ɗaya. Da farko na maye gurbinsa gaba ɗaya da yogot marar zaƙi, sai na ga shi ma yana fitar da nasa ruwan idan ya kwana, ranar da ya haɗu da ɗanyar abarba kuwa har ɗaci ya yi, wanda yanzu da na karanta bayanin Hajiya na gane dalilinsa. Inda na tsaya shi ne rabi da rabi, kuma yogot ɗin sai na zuba shi a kyalle mai tsabta a kan matsami ya tsane na awa ɗaya ko biyu a cikin firji har ya yi kauri. Ga kofi biyu na yankakkiyar kaza, cokali biyu na mayonis da biyu na yogot sun wadatar, da kofi ɗaya na 'ya'yan itace. Idan 'ya'yan itatuwan suka fi naman yawa, zaƙi yana rinjaya, kuma kafin la'asar yunwa ta dawo.

Malam Nuhu:
Malama Sadiya, a nan kam na ɗan saɓa miki. Na gwada rabi da rabin, kuma a bakina tsamin yogot da na lemun tsami da na tuffa sun taru sun danne kazar. Na gwammace in sa mayonis kaɗan in ƙara digon man zaitun. Sai dai na yarda da ke a kan ma'aunin nama da 'ya'yan itace.

Hajiya Bilki:
Wannan saɓanin na baki ne, kowa da nasa. Abin da zan ƙara shi ne, tsofaffin haɗe-haɗen da suka yi suna ba su cika 'ya'yan itace masu ruwa ba, kuma ina jin ba a banza ba. Wanda ake kira salak ɗin Waldorf, da sunan wani otal a birnin New York na Amurka, yadda Oscar Tschirky, wani babban ma'aikacin otal ɗin, ya wallafa shi a 1896 tuffa ce da seleri (wani kayan lambu mai kara) da mayonis kawai, sauran abubuwan daga baya aka riƙa ƙarawa. Haka kuma kazar da masana girki Rosemary Hume da Constance Spry suka shirya don liyafar naɗin Sarauniya Elizabeth ta II a Landan a 1953, kori ne da markaɗaɗɗen afirkot (wani ɗan itace mai zaƙi da ɗan tsami) suka ba ta ɗanɗanonta. Daga wannan na biyun na ɗauki dabarar da nake yi idan na san abincin zai kwana. Nakan soya ƙaramin cokali na kori a digon mai na daƙiƙa talatin don ɗanyen ƙamshinsa ya fita, in bari ya huce in gauraya da mayonis, sannan in zuba zabibi cikin tafin hannu. Zabibi busasshe ne, maimakon ya fitar da ruwa sai ya shanye wanda ya tarar, da safe a same shi ya kumbura ya yi taushi, haɗin kuma ya ƙara kama jikinsa. Mangwaron da bai gama nuna ba yana shiga da korin sosai, amma shi ma sai za a ci nake yankawa.

Maman Khalil:
Ni nawa 'yan makaranta nake yi wa, saboda haka abin da na fi kula da shi daban ne. Inabi ba na sa wa ƙaramin yaro shi guda, sai na tsaga shi a tsaye gida huɗu, tun ranar da autana ya shaƙe da ƙwaya ɗaya a gabana sai da na kifa shi na bubbuga bayansa ta fito. Gyaɗa da kashu kuma ba na sa wa yaran, domin akwai ɗan ajinsu da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, kuma yara ba sa cin abinci su kaɗai. A nawa kason nakan soya su sama-sama a busasshen kasko in ƙulla a leda daban, tun da idan suka kwana a cikin haɗin laushi suke yi. Idan a burodi zan sa, nakan shimfiɗa ganyen latas da ruwan wankinsa ya tsane a kowane ɓangare kafin in zuba, sai burodin ya kai rana bai jiƙe ba. Na taɓa yin mai yawa na daskarar don ya kai mako, da ya narke mayonis ɗin ya rabu, tuffar ta zama kamar soso. Dafaffiyar kazar kaɗai ita ce take jure daskarewa.

Maman Ilham:
Na gode muku baki ɗaya. Jiya na dafa kazar yadda Malam Nuhu ya kwatanta, duk da cewa ba ni da ma'aunin, sai na tsaga wurin da ya fi kauri na ga babu ja ruwan kuma ya fito garau. Na juya ta da mayonis da kori da zabibi ta kwana, da safe na yanka tuffa na matsa mata lemun tsami, na sa ta da inabi a ƙaramin mazubi, abarbar kuwa na bar ta a gida. Da ƙarfe ɗaya na haɗa, ko digon ruwa babu a ƙasa, abokiyar aikin nan tawa ta ɗanɗana cokali ɗaya ta ƙare da cinye kusan rabi. Abin da ya rage mini shi ne albasa, domin ɗanyar da na yanka a ciki ta kwana ta yi ƙarfi har warinta ya cika ofis da na buɗe murfin. Ummi, ke kina sa albasa a naki, ko kuwa akwai yadda ake karya ƙarfinta kafin a zuba?