Wai talauci na taɓa ƙwaƙwalwar yaro?

Abban Yara: Jama'a ni fa ban yarda da maganar nan ba, wai ɗan talaka ƙwaƙwalwarsa a baya take tun yana goye. Haziƙai nawa muka gani sun tashi ko takalmi babu? Basira baiwa ce daga Allah.

Anti Nas: Ba wanda ya musa baiwa ce yaya, amma dai an auna. A 2015 wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Kimberly Noble, da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara sama da 1,000 a Amurka, 'ya'yan gidajen da ke samun ƙasa da dala 25,000 a shekara faɗin saman ƙwaƙwalwarsu ya gaza na masu sama da 150,000 da kusan kashi 6 cikin ɗari.

Abban Yara: Toh kuɗin ne ya shiga kan yaron ya buɗa ta? 😂

Ɗalibi: Anti ki yi haƙuri amma Abba na da ɗan gaskiya, don abu biyu sun zo tare ba shi ne ɗaya ya haifi ɗaya ba. An ma gwada a Amurkan, iyaye mata 1,000 masu ƙaramin ƙarfi, wasu ana ba su dala 333 duk wata wasu 20, da yaran suka kai shekara ɗaya an ga ɗan bambanci a motsin ƙwaƙwalwa amma a shekara 4 gwajin magana da fahimta bai nuna wani bambanci ba.

Anti Nas: Na sani ƙanena. Ai ba takardar kuɗin ke yi ba, abin da talauci ke jawowa ne, ƙarancin jini, rashin sinadarin aidin a abinci, ga tashin hankalin gida da ke sa sinadarin damuwa da ake kira kotizol hawa a jikin yaro kullum. Ka duba Jamaika, a Kingston wajen 1986 ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajen yaran da suka tsumbure duk sati har shekara biyu, suna koya wa uwa wasa da hira da ɗanta kawai, bayan shekara 20 yaran nan kuɗin da suke samu ya fi na waɗanda ba a je wa ba da kashi 25. Abin mamaki wlh, waɗanda aka ba madara zalla ba su samu wannan ba.

Abban Yara: Kin ga ni! Tarbiyya ce ba aljihu ba.

Maman Biyu: Haba malam, uwar da ta fita tun asuba ta dawo da dare ƙafa a kumbe tana lissafin bashi, yaushe za ta zauna wasa? Kai ka taɓa gwadawa?

Abban Yara: Wannan kuma hajiya sai na yi tunani.