Baƙi da fari a kan allo: go ne ko sugoroku?

Malam Sani: Jama'a, ga wani hoton bugun katako na Japan daga zamanin Edo (1603 zuwa 1868). Mata biyu a durƙushe, allo a tsakaninsu, 'ya'yan wasa zagayayyu, baƙaƙe da farare. Ni dai maganata ɗaya ce: duk inda aka ga baƙi da fari, go ake yi, wasan nan na allo da mutum biyu ke kewaye fili da duwatsu. Shogi, wato chess ɗin Japan, ba ya ɓuya, 'ya'yansa katako ne masu kusurwa biyar da rubutu a kai, launinsu ɗaya, inda tsininsu ya fuskanta ke nuna na wane ne. Me ya rage kuma?

Hajiya Binta: Sugoroku ya rage, Malam. Wasan tseren 'ya'ya ne a kan allo, shi ma baƙi da fari ne, 'ya'ya 15 ga kowane mai wasa. Dubi hannun ta dama. Wannan ɗan bututun da ta ɗaga, a ciki ake karkaɗa ƙwayoyi biyu masu ɗigo-ɗigo irin na lido. Me mai go zai yi da shi?

Malam Sani: Ba kofin shayi ba ne kuwa, Hajiya?

Hajiya Binta: Kofin shayi baki ƙasa, a kan allo? Bar ma bututun, dubi allon. Na go kusan murabba'i ne, katako mai kauri a kan gajerun ƙafafu huɗu, ga akushi biyu na zuba duwatsu a gefe. Wannan kuwa dogo ne kamar akwati, gidajensa sahu biyu, 12 nan, 12 can, da fili a tsakiya. 'Ya'yan ma a jere suke a bakin allo, ba su bazu ba.

Auwalu: Gafara dai manya, ni a ganina a ƙirga layuka kawai a huta. Go layi 19 ne tsaye, 19 kwance, mahaɗa 361. Shogi gida 9 sau 9, 81 ke nan.

Malam Habu: Auwalu, ƙirgan nan ba zai kai ka ko'ina ba. Kowane layi sai an sassaƙa shi da wuƙa a jikin katakon bugu, kuma masu zanen ba don koyar da wasa suke yi ba. Sau da yawa za ka tarar layukan allon go ba su kai 19 ba, har wani ya rantse shogi ne. Gara ka duba inda ɗan wasan ya zauna: dutsen go a kan mahaɗar layi, na shogi a cikin gida. Kuma labarin hoton kan taimaka. In ka ga jarumi ya ɗaga allo sama zai maka wa abokan gaba, duwatsu na watsewa, Sato Tadanobu ne, baran shugaban yaƙi Yoshitsune, allon kuma na go. Mai zanen nan Kuniyoshi ya zana shi. Shi ne kuma ya fitar da hoton nan na 1843 inda dakarun jarumi Raiko ke buga go, gizo-gizon tsafi na bayan maigidansu.

Malam Sani: To ai kun zo inda nake. Go ne wasan da ya cika hotunan, shi ne na manya, har gidajen gwanayen go huɗu gwamnatin Tokugawa, mai mulkin zamanin Edo, ke ɗaukar nauyinsu dominsa.

Hajiya Binta: Ya fi yawa, ban musa ba. Amma ka ce "duk inda". Sugoroku tsohon wasa ne a can, tun 689 Sarauniya Jito ta hana shi, kuma bai mutu ba. 'Ya'yan sarakuna mata da alluna uku ake kai su ɗaki: go, shogi da sugoroku. Ya dushe ne a ƙarshen zamanin Edo, shi ya sa idon mutanen yau bai saba da shi ba, sai a yi ta laƙaba masa sunan go.

Auwalu: Hajiya, ni sugorokun da na sani na takarda ne.

Hajiya Binta: Wancan daban ne, ɗana. Takarda ce mai hotuna da ake shimfiɗawa a ƙasa, kamar ta zangunan hanyar Tokaido 53, daga Edo zuwa Kyoto.

Malam Habu: Ko allon go ne ma, Malam Sani, ba lallai go ake yi ba. Ana buga gomoku a kansa, wasan jera biyar. In duwatsu sun cunkushe a tsakiya, kusurwoyi fayau, sai a yi hattara, don 'yan go daga kusurwa suke farawa.

Malam Sani: Wannan kam ban yarda ba. Kai da bakinka ka ce masu zanen ba sa ƙirga layi. Wanda bai ƙirga layi ba, shi zai tsaya tsara duwatsu?